Wadda Ta Fito Daga Kyauro

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya tsaga mata hanyoyi, ya ba wani zama ya ba wani yawo, ya sa wa kowace tafiya iyaka. Ni cikin masu yawon aka rubuta ni. Sunana Shekarau ɗan Nomau. Ɗan koli ne ni, allura da duwatsun wuya da turare nake sayarwa, amma babban jarina bakina ne. Mai sauraro ya gyara zama, zan ba da labarin Fadamar Kyauro, wadda har yau in iska ta kaɗa ciyawa sai na ji tsigar jikina ta tashi.

Na bar garinmu ne don na ji an ce a bayan Tekun Gishiri akwai birnin da ake ba da raƙumi a karɓi allura. Matata Tabawa ta ce ƙafata ƙafarta. 'Yarmu tilo, Azumi, ta yi aure har da ƙaramin ciki, ba sauran wanda za ta zauna tana tuƙa wa tuwo. Muka ɗaura kaya muka kama hanya.

A bakin tekun mai fito ɗaya ne, wani ƙato mai kunnuwa kamar faifai. Ba ya karɓar ladan fito. Sharaɗinsa shi ne wanda ya ɗauka ya yi ta magana har gaci, in ya yi shiru ya jefa shi a ruwa. Dalilinsa kuwa, da zarar an yi tsit yakan ji waɗanda ya jefa a baya suna ƙwanƙwasa gindin jirgin. Na ce a raina, yau ka haɗu da daidai kai. Na faro masa tun daga tarihin kakana, na bi ta kan duk jakin da na taɓa mallaka da halin kowanne. Da muka isa gaci shi da kansa ya roƙe ni in huta. Sau ɗaya kawai na tsaya haɗiye yawu a tsakiyar ruwa, kuma wallahi na ji ƙwanƙwasar.

Birnin da na ci buri a kansa, Birnin Kauce, ashe maƙeransa sun fi ni allura. Abin da suke nema shi ne idanu. A garin nan duk bangon da ba a kallonsa sai ya tashi ya yi tafiyarsa, don haka kowane gida da masu kallonsa, kuma baƙi ake kamawa a sa aikin. Suka kulle mu a ɗaki, suka ajiye wani dogari ya zuba wa bangon ido. Na fara ba shi labari, da na kai wuri mai daɗi sai na daina faɗa da baki, na koma kwatantawa da hannu. Ya daure, ya daure, can ya waiwayo ya ga abin da nake nunawa. Bango ya ja jiki ya ba mu hanya, muka ranta a na kare.

To, baya ta toshe ke nan, don suna nemanmu. Da muka tsaya hutawa Tabawa ta sauke kaya ta ce, "Maigida, na gaji. Ka mai da ni gida in ga abin da Azumi ta haifa." Na tambayi masu kiwo, suka ce hanyar gida ɗaya ce ta rage, sai ta cikin Fadamar Kyauro. Suna faɗar sunan suna rage murya.

Daga kan tudu muka hango ta. Kyauro ne fari fat, ya fi mai raƙumi tsawo, ya cika tsakanin duwatsu biyu har inda ido ya gaza. Ba tsuntsu a samansa. Yana ta kaɗawa alhali ba iska. A bakinsa akwai ɗan ƙauye, kowane gida da rumfa tana fuskantar fadamar, a wasu rumfunan kuma mutane na zaune a tabarma, ido rufe, ko gezau. Ba jaki a garin, ba zakara, yara ma a sanɗa suke wucewa. Na ɗaga murya na yi wa wani na zaune sallama, sai na ji an dafe mini baki ta baya.

Wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, ƙasusuwa kawai da idanu. Ta ja ni gefe ta ce, "Kai ne mai surutun da nake jiyowa tun daga kan tudu? Wancan da ka yi wa sallama, ƙanensa na cikin kyauro. Da ya amsa maka da ka kashe mutum."

Sunanta Iya Marka, ita ke koya wa matafiya abin da mutanen wurin ke kira riƙo. Ta zaunar da mu ta yi mana bayani. A cikin kyauro ba hanya, duk inda ka ratsa sai ya rufe a bayanka. Ko mutum biyu sun shiga riƙe da hannun juna, kowa zai tsinci kansa shi kaɗai. Don haka bi da bi ake ƙetarewa. Ɗaya ya zauna a waje ya rufe ido, ya tsai da zuciyarsa a kan mai tafiyar, shi kuma na ciki zai ji ana jansa zuwa inda ya dosa. In ya fita sai ya zauna a wancan gefen ya riƙo ɗan'uwansa. In hankalin mai riƙo ya gushe, na ciki ya ɓata. Goran ruwa ɗaya ake shiga da shi, wanda nasa ya ƙare ya sha na fadama kuwa ya zama ɗan can, ba ya mutuwa ba ya fitowa.

Na ce, "To Iya, ke da kika ƙware, ki riƙe mu mana mu wuce."

Ta ce, "Na san ku ne? Ba a riƙe baƙo. Sai wanda ka sani."

Na yi dariya na ce in dai wannan ne an gama, matar da muka tsufa tare ai ko a mafarki na san ta. Iya ta dube ni, ta dubi Tabawa.

Koyon ya ci mana makonni. Bayan asuba za mu zauna mu fuskanci bango, mu ja numfashi da sunan Allah, mu sake shi da sunan Allah. Iya ta ce, "Zuciya akuya ce, za ta tsinke. Kada ka dake ta, kada ka bi ta da zagi. Ka je ka kamo ta, ka dawo da ita turke. Ta sake tsinkewa, ka sake kamowa. Aikin ke nan, ba wani." Ta kuma ce ba ƙarfin mutum ke jawo ɗan'uwansa ba, shi dai ya ajiye shi a gaban Allah, ya tsaya a nan kada ya gusa.

Tawa zuciyar ba akuya ɗaya ba ce, garke ce. Kafin in ja numfashi uku na je kasuwar garinmu na dawo, na yi ciniki da wanda ya daɗe da mutuwa, na shirya amsar da ya kamata in ba wani da ya zage ni ina saurayi. Gwiwa ta yi tsami, baya ya ƙage. Ina satar kallon Tabawa in gan ta zaune kamar an dasa ta, haushi ya kama ni.

Daga nan Iya ta ba kowannenmu ƙwan zabon daji guda. Ta ce mu yi ta kallonsa har mu san shi, ranar gwaji za ta zuba shi cikin kwando cike da irinsa, kowa ya tsamo nasa. Wanda ya kasa ba ya riƙe kowa. Na kalli ƙwan nan kwana da kwanaki, ɗigo-ɗigon jikinsa duk iri ɗaya suke a idona. Sai na ce, haba Shekarau, kai da ka tsere wa mai fito ka tsere wa dogari, ƙwai ne zai tsare ka? Na zaro allura na yi masa ɗan karce a gindi, wanda sai farce ke ji. Ranar gwaji Tabawa ta duba kwandon ta miƙa hannu ta ɗauko nata kamar mai ɗaukar ɗanta cikin yara. Ni kuma na yi ta shafa ƙwai ina murtuke fuska irin ta masana, har farcena ya faɗa mini. Iya ta ce mun ci.

Ni na fara shiga. Tabawa ta zauna a rumfa ta gyara zanenta, ta ce, "Ka kama bakinka dai, Maigida." Ta rufe ido.

Kyauro ya rufe a bayana, duniya ta ɗauke. Ƙasa na da laushi da sanyi, haske na zuwa ta ko'ina, ba inuwa. Ban yi nisa ba na fara jin su. Ba kuka suke ba, da kuka ne da sauƙi. Kira suke, a hankali, cikin ladabi, kowa na kiran sunan wanda ya sake shi. Wani yana cewa, "Yaya, ina nan fa." Wata tana cewa, "Ban yi fushi ba, ka sake gwadawa." Na ratsa ta gefen wani mutum a tsaye, rigarsa ta ruɓe a jikinsa, ya dube ni ya yi mini sallama da kyau, ya ce, "Bawan Allah, ko ka san ni?"

Ni da ban taɓa barin sallama ta faɗi ƙasa ba, har na buɗe baki. Sai na ji an ja ni daga ƙahon zuciya, ja mai ƙarfi, irin mintsinin da Tabawa ke yi mini a taro in na fara sakin layi. Na rufe bakina na wuce.

Abin da ya fi muryoyin girgiza ni shi ne jan nan. Ya san ni. In gwiwata mai ciwo ta fara sagewa sai ya sassauta, in na fara tunanin juyawa sai ya matsa tun kafin in gama tunanin. Na ji ana riƙe da ni gaba ɗayana, da sanƙona, da haƙorina da ya karye, da ƙaryar da nake ƙarawa a labari, ba a zubar da komai ba. Kunya ta kama ni a wurin da ba mai ganina. Kafin rana ta take tsaka kyauro ya buɗe, na faɗo wani ƙauye irin na baya sak.

Ina zaune ina haki sai ga Iya Marka ta fito tana kaɗe zani. Na ce, "Iya, ke wa ya riƙe ki?" Ta ce, "Nawa duk sun riga ni gidan gaskiya. A gaban Allah nake ajiye kaina in taho." Ta ce al'adarta ce ta raka ɗalibai ta ga ƙarshen aikinsu. Aka tada hayaƙi don Tabawa ta san na fita. Washegari bayan asuba hayaƙi ya tashi daga wancan ƙauyen, alamar ta shigo kyauro.

Na zauna a tabarma na rufe ido. Na ja numfashi da sunan Allah, na ce bari in kawo Tabawa. Nan take ta zo, ban sha wahala ba ko kaɗan. Ga ta a ƙofar gidan gwaggonta ranar da na fara ganinta, tana tankaɗe, gari ya ɓata mata gira, ta ɗago ta yi dariya wushiryarta ta fito. Ga sabon kitso, ga lalle a tafin hannu. Daɗi ya cika ni. A karo na farko garken nan nawa ya kwanta, ba wadda ta tsinke. Na riƙe hoton nan gam, ina ce wa kaina ashe abin ba wuya, tsohuwa ce ke kambama shi.

Kusan azahar na ji kyauro ya motsa. Na buɗe ido.

Budurwa ce ta fito. Sabon kitso, lalle a hannu, har da garin a girarta. Ba gora a hannunta, ba laka a ƙafarta. Ta taho ta durƙusa a gabana ta ce, "Maigida, ka ci abinci kuwa?"

Na ji matan ƙauyen suna jan 'ya'yansu cikin gida. Iya Marka ta dafe kai tana salati. Ni kuwa baki har kunne, na ce, "Iya, dubi ikon Allah! Fadama ta mai da ita yarinya!"

Ta ce, "Ba ita ba ce. Abin da ka riƙe shi kyauro ke ba ka. Matarka tana ciki, tun safe ba wanda ke janta."

Na ce ba zai yiwu ba, ai ban gusa ba ko sau ɗaya. Ta ce ta gani, ban gusa ba, amma a kan wa na tsaya? Ta kafe ni da ido ta ce, "Wanda ya gane ƙwansa cikin kwando ba ya yin wannan kuskuren. Yaya ka gane naka?" Na sunkuyar da kai na faɗa mata zancen allura. Na zaci za ta zage ni. Cewa ta yi, "Ni ka yi wa wayo? Ai ba ni ce a cikin kyauro ba."

Ta kama hannuna ta kai ni bayan gari. Wani dattijo mai farin gemu na zaune a ƙofar bukka, wani ɗan yaye na wasa da ƙwarya a gabansa. Iya ta ce sunansa Barmo. Ɗansa ya shiga kyauro yana magidanci da gemunsa, Barmo ya zauna riƙo, abin da ya fito masa ke nan. Aka ce ya saki yaron ya koma zaman riƙo, ya kasa. Yaron bai ƙara ko taƙi ba tun daga ranar. Muna tsaye na ji wata murya ta namiji daga cikin kyauro, ba ƙarfi, tana cewa, "Baba." Dattijon bai ɗago ba. Ya jawo yaron ya ɗora a cinya, ya toshe kunne ɗaya da kafaɗa.

Zan faɗi gaskiya, na so in zama Barmo. Da na koma rumfa yarinyar na nan tana jirana. Na ba ta labarin mai fito, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Kai dai ba ka rabo da abin dariya." Rabon da a yi wa labarina irin wannan dariyar har na manta. Na ji ƙuruciyata ta dawo ta zauna kusa da ni. Na kama hannunta, sanyi kamar gindin randa. Na ce, "Tabawa, me kike zaton Azumi ta haifa?" Ta yi murmushi ta ce, "Maigida, ka ci abinci kuwa?" Na sake tambaya. Ta ce, "Kai dai ba ka rabo da abin dariya." Ba ta san Azumi ba. Ba ta san komai ba sai abin da na ajiye mata a kaina.

Iya ta ce, "Matarka mai tattali ce, za ta ja ruwan, amma gora gora ne. Zauna."

Na zauna. Na ce bari in kawo fuskar Tabawa ta yau, wadda ta ce mini in kama bakina. Na nemo goshi, na nemo hanci, na nemo baki, duk wanda na kamo sai ya narke ya koma na budurwar. Na yi ta yi har gumi ya jiƙa mini riga. A nan na gane abin da ya fi duk muryoyin fadama ban tsoro: ban san fuskar matata ba. Na san tana nan, kamar yadda na san ina da ƙeya. Na buɗe ido na ce, "Iya, ba ta zuwa. Wallahi ba ta zuwa."

Ta ce, "To daina ƙera ta. Kai komai sai ka ƙera. Koma kan numfashinka, ka ambaci Allah, ka yi shiru har can ciki. In akwai abin da ka sani nata na gaskiya, zai zo da ƙafarsa."

"In babu fa?"

"In babu, babu."

Na koma turke. Akuya ta tsinke ta tafi wajen gora, ruwa nawa ya rage, na kamo ta. Ta tsinke ta tafi wajen abin da zan faɗa wa Azumi in na koma ni kaɗai, na kamo ta. Ta tsinke ta tafi zagin kaina, wannan ta fi kowacce daɗin bi, don mai zagin kansa gani yake aiki yake yi. Na kamo ta ita ma. Ban tashi ba sai don salla. Yarinyar na gefena, lokaci lokaci ta taɓa mini gwiwa ta tambaye ni ko na ci abinci. Rana ta faɗi, gari ya waye, ina nan.

Da hantsi wani abu ya faru wanda ban taɓa sani ba tun da aka haife ni. Maganar da ke cikin kaina ta tsaya. Ba ni na tsai da ita ba, gajiya ta yi ta kwanta. Ba saura sai numfashi na shiga da sunan Allah yana fita da sunan Allah. Tsoro ya taso mini irin na mai fito, na bar shi ya wuce, ban bi shi ba.

A cikin shirun nan na ji wani sauti. Taku ne. Ƙafa ɗaya ta sauka sosai, ɗayar ta ɗan ja ƙasa kafin ta sauka. Na san shi. Duk hanyar da na taɓa bi, ina gaba ina zuba, sautin nan na bayana a ƙarƙashin maganata. Ban taɓa saurarensa ba, amma kunnena ya ajiye. Bayansa wani ya biyo: ɗan nishin da take yi kafin ta ɗora kaya a ka. Sai kuma gyaran murya, ƙarami, wanda take yi in tana son ta ce wani abu, ta jira in kai aya, ban kai ba, ta haƙura.

Hawaye suka zubo mini, ban share ba. Ban ƙara komai a kan abin da ya zo ba, ban yi masa ado ba. Na ɗauki takun nan na ajiye a gaban Allah, na tsaya.

Yarinyar ta ce, "Maigida."

Ban amsa ba.

Ta ce, "Maigida, dube ni mana." Wannan ba ta cikin maganganun da na ajiye mata. Muryar tana rawa, tana sirancewa. Ta kama gefen rigata. Na san in na buɗe ido zan ga wushiryar nan da garin a gira, kuma na san ba zan sake ganinsu ba har abada in ban buɗe ba. Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so in buɗe ido a lokacin ba. Na koma kan takun. Ƙafa ta sauka, ƙafa ta ja. Ƙafa ta sauka, ƙafa ta ja. Na ji an saki rigata. Na ji kyauro ya buɗe ya rufe, ba tare da na ji tafiyar kowa ba.

Sau da dama takun ya yi rauni har na zaci ya ɗauke. Sau ɗaya ya tsaya cak, ya daɗe a tsaye. Ban yi ihu ba, ban yi wa Allah ciniki ba, na dai tsaya a inda ya tsaya ina jira. Can ya ɗaga. Ban san lokacin da ya bar zuciyata ya koma kunnena ba. Sai dai na ji hannun Iya a kafaɗata tana cewa, "Buɗe."

Wata tsohuwa ce ke fitowa daga kyauro, a duƙe, laka har gwiwa, leɓɓanta sun tsattsage, gora na reto a hannunta ba komai ciki. Ta zo bakin tabarma ta zube. Iya ta tallafe ta tana ba ta ruwa kaɗan kaɗan.

Da numfashinta ya dawo ta ce, "Har na durƙusa a bakin ruwansu, na sa hannu. Sai na ji an ja ni ta ƙafa. Na ce wannan Maigida ne, riƙon ma sai ya yi shi a karkace."

Na ce, "Tabawa."

Ta ce, "Mun yi kiciɓis da ita a hanya. Tana shiga ina fitowa."

Na rasa inda zan sa kaina. Na fara cewa, "Wallahi ni ban..."

Ta ce, "Bari. Kyakkyawa ce. Ni ma na yi kewarta."

Sai na matso na dube ta, irin kallon da aka ce in yi wa ƙwai ban yi ba. Na ga furfura ta cinye gaban kanta. Na ga layuka biyu masu zurfi a gefen bakinta, da wani tsohon tabon ƙuna a wuya wanda ban san ranar da ta same shi ba. Na ga idonta na hagu ya yi fari tas, yanar ido ta rufe shi gaba ɗaya.

Na ce, "Subhanallahi! Fadamar ce ta yi miki haka a ido?"

Ta ce, "A'a, Maigida. Tun kafin auren Azumi ne."

Na buɗe baki, ni Shekarau da na ƙetare teku da surutu, ban sami ko kalma ɗaya ba. Ta jira, kamar yadda ta saba. Da ta ga shirun ya yi tsawo, ta ɗan dube ni da ido mai ganin, ta yi gyaran murya, ta fara magana.

Abin da ta faɗa nata ne, ba na sayarwa ba. Nawa ya ƙare a nan, godiya ta tabbata ga Wanda ba Ya gushewa daga kallon bayinsa.